Ƙoƙo na Goma Sha Uku

A makon da bishiyoyin jakaranda suka fara zubar da fure a titunan Maputo, itace na goma sha uku a timbilar kakana, abin kiɗan nan mai jerin itatuwa da ake bugawa, ya tsage. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma wanda ya taka shi. Da safe muka yaye zanin da ake rufe ta da shi, muka tarar da tsaga siririya kamar silin gashi ta bi shi daga kai har gindi. Kakan nawa, Vovo Banze, ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

"Ya gaji," in ji shi. "Shekara arba'in da ɗoriya yana shan duka. Ko jaki ne ai ya kwanta."

Saura mako biyu a yi bikin bazara a lambun da ke kallon teku, kuma bana Vovo aka ce zai buɗe shi. Kafin makaɗa su shiga gaba ɗaya, babbansu yakan yi kiɗa shi kaɗai, kowa ya yi tsit yana saurare. Vovo ya ƙare ƙuruciyarsa yana share titunan garin nan da tsintsiya, ran Lahadi kuma ya yi kiɗa a gindin mangwaron gidanmu na unguwar Mafalala tare da mutanen mahaifarmu Zavala. Ba a taɓa ɗora shi a dandamali ya buɗe biki ba sai wannan karon.

Itatuwa goma sha shida ne a jere a jikin timbilarsa, kowanne da ƙoƙonsa a ƙasa. A gefen kowane ƙoƙo akwai 'yar ƙofa da ake rufewa da tantani, a liƙe da baƙin kakin zuma. In an bugi itace, muryarsa ta dace da ta ƙoƙonsa, sai ƙoƙo ya amsa, tantani ya yi rawa, sai ka ji zuuu kamar ƙudan zuma sun shigo cikin kiɗan. Itace aikin Vovo ne, kuma a wajenmu ba mai sa ƙarfe a itacen wani ko yi masa gyara a kai. Tantani da kaki kuwa nawa ne tun ina 'yar shekara goma sha biyu, don ya ce yatsuna sirara ne.

Guntun itace ɗaya ya rage masa a ƙarƙashin gado, wanda aka gasa a rami tun a Zavala. Kwana uku yana sassaƙa shi da ɗan gizagonsa. Ƙamshin itacen ya cika tsakar gida, har shinkafar da muka ci ranar ta ɗauka. A rana ta huɗu ya ɗaure shi a gurbinsa, ya ɗauki makaɗi ya buga.

Itacen ya yi ƙara. Ƙoƙon bai amsa ba.

"Mina, amaryata," ya kira ni, kamar yadda yake tsokanata tun ina ƙarama, "tantaninki ya mutu. Ko kin fara tunanin wani saurayi ne kin bar tsohon mijinki?"

Na ɓare kakin, na sa sabon tantani. Ya buga, shiru. Washegari na tafi wajen mahauta na karɓo wani, na wanke, na shanya, na liƙa. Shiru dai.

Tun bugun farko na ji abin da ke faruwa. Muryar itacen ta yi ƙasa da inda ya kamata, kaɗan ne, kamar mutum yana hawa bene ƙafarsa ta kuskure matakala ɗaya. Na kuma san abin da duk gidan ya sani ba a faɗa: in Vovo ya juya baya sai ka kira shi sau uku, kukan tsuntsayen mangwaro ma ya ce sun daina zuwa, alhali suna nan. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ga yadda yake shafa sabon itacen, in haɗiye maganar.

Ran Lahadi makaɗa bakwai suka zo gwaji. Da Vovo ya bi ta kan na goma sha uku, na ga idanu suna haɗuwa, kowa ya sunkuyar da kai kan timbilarsa. Bayan an tashi na fita zubar da ruwa, na tarar da Tio Armindo, wanda Vovo ya koya wa kiɗa tun yana da gashi a ka, tsaye wajen kaskon Tia Rabeca mai ƙosai a ƙofar gida.

"Ku maza bakwai," Tia Rabeca tana cewa, "da gemu da tumbi, a rasa wanda zai ce wa tsoho itacensa ya kauce?"

"To ke je ki faɗa masa mana, tunda bakinki ba ya hutawa."

"Ni ƙosai nake soyawa. In ya ƙone a gaban kowa nake cewa ya ƙone."

"Rabeca, mutumin nan shi ya riƙe hannuna ya ɗora a kan itace. Ta ina zan fara? Na riga na yi shawara da sauran. Ranar bikin zan ce masa masu shiryawa sun rage lokaci, babu buɗewa. Mu shiga gaba ɗaya, namu ya rufe nasa, ba wanda zai ji."

"Wato ka sace masa ranar da ya jira tun kafin ka yi sanƙo."

"In ya buga shi kaɗai ga lasifika, duk ɗan Zavala da ke lambun nan zai ji. Gara wanne?"

Sai a lokacin Tia Rabeca ta hango ni da bokiti. "Ga kunnen gidan nan ma. Mina, ke ma kin ji, ko?"

Na kalli ƙafafuna. Ta tura min ƙosai biyu a cikin biredi, ta ce in ci ko bakina zai buɗe.

Kwanakin da suka biyo baya kamar a cikin ruwa na yi su. Zafi ya fara sauka, gajimare yana taruwa a kan teku da rana ya watse da yamma bai zubar da komai ba. Duk inda na bi ana shirin biki. Wasu 'yan mata sun hau tsani suna zana ƙaton kifi a bangon wata makaranta, kifin yana da idon mace. A tashar mota wani makaho yana gwada sabuwar waƙa da jitar da ya yi da gwangwanin mai. Furen jakaranda ya rufe gefen titi, in na taka sai ya fashe a hankali a ƙarƙashin silifa. Ni kuwa duk abin da na ji, ko hon ɗin mota ne ko kiran mai kifi, sai kunnena ya auna shi da muryar itacen nan, ya ce wannan ya fi shi sama, wannan ya fi shi ƙasa.

Ranar Asabar da hantsi muka loda timbila takwas a bayan akori-kura. Ƙarfe huɗu aka ba mu. Lambun ya riga ya cika. An ɗaura igiyoyi daga bishiya zuwa bishiya an rataye zane-zane, iska tana kaɗa su, fuskokin ciki suna lumshe ido suna buɗewa. Mata sun baje atamfofi a ciyawa. Hayaƙin gasasshen kifi da na masara yana tashi ya haɗu da warin gishiri. A dandamali wasu samari suna kiɗan marabenta, tsofaffin mata biyu sun ajiye jakunkuna suna karkaɗa ƙugu, jama'a na yi musu guɗa. Can ƙasa teku ya kwanta fari fat, kwale-kwale uku a kansa kamar an manta da su.

Muka sauke kaya a bayan dandamali, a inuwa. Vovo ya sa farar rigar da na goge masa, wuyanta ya yi masa yawa. Ya zauna, ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. A na goma sha uku ya tsaya.

"Amarya, sake min tantanin nan sau ɗaya. Wataƙila iskar teku ta fi dacewa da shi."

Na durƙusa da kakina a hannu. Da na ɗaga kai sai na hango Tio Armindo ya baro wajen masu shirya biki, yana tahowa ta cikin jama'a, yana tsayawa gaisawa da duk wanda ya gani don kada ya iso da wuri.

"Vovo," na ce.

Bai ji ba. Na matsa har bakina ya kusa taɓa kunnensa.

"Vovo, ba tantanin ba ne."

Ya juyo a hankali. "To mene ne?"

Sai na yi abin da nake yi kullum in na gama liƙi: na kama yatsansa manuni, na kai shi ƙarƙashin itace na goma sha biyu, na ɗora shi a kan tantanin, sama-sama. Na ɗauki makaɗi na buga. Tantanin ya yi rawa a fatar yatsansa, na ga girarsa ta motsa. Na matsar da yatsan zuwa na goma sha huɗu na buga, ya yi rawa. Na dawo da shi na goma sha uku. Na buga sau uku. Tantanin yana kwance kamar mai barci.

Vovo bai cire yatsan ba. Ya daɗe yana kallon teku.

"Ƙoƙon nan," ya ce, "na daidaita bakinsa shekarar da aka haifi uwarki. Lokacin ina jin tafiyar tururuwa." Ya ƙwanƙwasa ƙoƙon da ɗaya hannun. "Shi bai manta ba ke nan. Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko."

"Su Armindo fa?"

Na waiwaya wajen Tio Armindo da ke tahowa. Ya gyaɗa kai.

"Sama ya yi ko ƙasa?"

"Ƙasa. Kaɗan."

Ya kwance igiyar, ya ciro itacen, ya kifa shi a cinyarsa a kan farar rigar. Itacen ya riga ya yi siriri, ba shi da sauran naman da za a yi wasa da shi. Ya zaro gizago daga jaka, ya ɗan karce ƙarshensa, abin da ya fita bai fi ɓawon albasa ba. Ya mayar, ya ɗora yatsa, na buga. Shiru. Ya sake cirewa.

A nan Tio Armindo ya iso, yana share gumi. "Papa Banze, dama masu shirya bikin ne suka ce…"

"Riƙe maganarka tukuna. Riƙe min nan."

Tio Armindo ya tsuguna ya danne itacen a gurbinsa. Ya dube ni, ya dubi gizagon. Sau huɗu Vovo yana karcewa muna gwadawa. A na uku tantanin ya ɗan motsa kamar fatar idon jariri. A na huɗu Vovo ya ɗaga gizagon ya tsaya, ya juya shi, ya goga wurin da bayan ƙarfen kawai, ya mayar da itacen. Na buga.

Zuuu ɗin ya fito har cikin haƙorana. Wata mata da ke wucewa da tiren abarba ta waiwayo.

Vovo ya rufe ido, yatsansa na nan a kan tantanin. "Ƙara." Na ƙara. "Ƙara." Ya yi dariya mara sauti, kafaɗunsa suna rawa. Sannan ya buɗe ido ya kalli Tio Armindo.

"To, me masu bikin suka ce?"

Tio Armindo ya dubi itacen. "Cewa suka yi… ƙarfe huɗu daidai."

"Shi ne ka taho da gumi kamar an biyo ka? Ai tun wancan watan na sani. Ɗaure min igiyar nan, sanƙo, ka ja ta da kyau."

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna aka jera timbila takwas a dandamali, ta Vovo a tsakiya. Garin itace ya ɓata masa gaban riga, ya hana ni kakkaɓewa. Na tsaya a gefe, bayan lasifika, Tia Rabeca ta bar kaskonta ta zo ta dafa kafaɗata da hannu mai maiƙo. Mai sanarwa ya faɗi sunansa, ya faɗe shi ba daidai ba, 'yan Zavala suka gyara masa da ihu.

Vovo ya ɗaga sandunan kiɗansa. Lambun ya yi shiru daga gaba zuwa baya, har na ji igiyoyin zane-zane suna ƙara a jikin bishiya. Ya fara daga manyan itatuwa, can ƙasa, a hankali, kamar ɗigon farko a kan kwano. Ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Da ya iso na goma sha uku ya buga shi sau ɗaya, ya ɗago ido ya neme ni. Na gane a lokacin cewa har yanzu shi ba ya jin bambancin. Na gyaɗa masa kai.

Bai sake kallona ba. Hannuwansa suka saki, kiɗan ya bazu a kan ciyawa ya gangara wajen ruwa. Ya kai inda ake ba sauran alama su shigo, ya wuce bai ba su ba, ya sake zagayowa. Makaɗa bakwai suna zaune a bayansa, hannuwa a sama, suna jira.

"Ku bar shi!" Tia Rabeca ta ƙwala daga inda muke. "In hannunku ya gaji ku sauke!"

Ba wanda ya sauke. Sai a zagaye na uku Vovo ya ɗan karkata kai wajen Tio Armindo, su takwas suka faɗo tare.