Bugun Ƙarshe na Maman Wendell

Sandar ta sake wucewa ta saman ƙwallon, iska kawai ta sara. Ƙwallon kuwa tana nan zaune a kan ciyawa, ko gezau.

"Malam Vernon, wannan ƙwallon taka raina ni take yi," in ji Odessa Pruitt, tana share gumi da bayan hannu.

"Ba ta raina ki ba, Maman Wendell. Jira take ki daina yi mata barazana."

Safiyar Laraba ce ta makon babbar gasar golf, wasan buga ƙwallo da sanda zuwa cikin rami, makon da garinmu Augusta ke cika har mutum ya rasa inda zai ajiye mota a ƙofar gidansa. Ɗanta Wendell ya samu gayyatar buga gasar a karon farko. Kafin a fara ta gobe, yau da rana akwai ƙaramar gasa ta nishaɗi, inda iyalan 'yan wasa ke ɗaukar musu jakar sanduna, kuma a rami na ƙarshe ɗan wasa kan miƙa wa mai ɗaukar masa jaka sanda ya buga. Wendell ba shi da mata, ba shi da ɗa. Uwarsa ya zaɓa.

To, tsakanin inda ake bugun nan da ramin akwai tafki. Odessa ta haura sittin, ta raini ɗan wasa, ta wanke masa kaya, ta yi ta jigilarsa zuwa wajen Malam Vernon mai koyar da golf tun yana ƙarami, amma ita ba ta taɓa riƙe sanda ba sai makon nan. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Matan ƙungiyar mawaƙan cocinsu duk sun yi alkawarin zama gaban talabijin, kuma ta san bakinsu sarai.

Malam Vernon ya riga ya gwada duk abin da yake gaya wa ɗalibansa. Lanƙwasa gwiwa, kar ki ɗaga kai, juya kafaɗa. Kowace magana ƙara sandarar da ita take yi. Tsohon nan yana da girman kai a kan aikinsa, kullum cewa yake babu jiki biyu iri ɗaya, don haka babu darasi biyu iri ɗaya. Yau dai ya gamu da gamonsa. Ya cire hula, ya sosa sanƙo, ya tsaya yana kallonta.

"Me kike yi da safe kafin ki sha shayi?"

"Ina ruwan shayina da wannan?"

"Ki dai faɗa mini."

"Sharar baranda. Itacen maƙwabcina ba ya gajiya da zubo mini ganye."

"Nuna mini."

Ta harare shi, amma ta kama sandar yadda take kama tsintsiya mai dogon hannu, ta ja baya, ta share. Kugunta ya juya da kansa, kanta bai ɗagu ba.

"Yauwa! Manta duk surutun da na yi miki. Ganye ne wannan, kuma na maƙwabcinki ne. Mayar masa da abinsa."

Ta share. Ƙwallon ta tashi sama, ta yi ɗan nisa ta faɗi. Odessa ta saki baki tana kallo.

"Za ta tsallake ruwan?"

"Idan kin ji haushin maƙwabcin sosai," in ji Malam Vernon.

Da rana aka saka ta cikin farar rigar nan ta masu ɗaukar jaka, mai haɗe da wando, da koriyar hula, an rubuta PRUITT a bayan rigar. Rigar ta yi mata yawa, sai da ta naɗe ƙafafun. Jakar ma da nauyi, amma da Wendell ya ce ta kawo ya taimaka sai ta buge masa hannu. Yaran sauran 'yan wasa na ta birgima a ciyawa cikin nasu fararen kayan, jama'a na cin burodi da cuku suna dariya. Malam Vernon yana biye da su daga bayan igiyar da ta tare 'yan kallo.

Abin da ba wanda ya zata shi ne Wendell ya yi wasa kamar da gaske. Duk inda ya aika ƙwallo sai ta je ta kwanta kusa da rami. Suna isa na ƙarshe Odessa ta ɗaga kai ta ga sunansu a saman allon maki.

Matar wani ɗan wasa, wadda ita ma ke ɗauke da jaka, ta matso kusa da ita. "Mama, kin dai san idan kika buga masa, an soke makinsa ke nan? Ba zai ci ba."

Odessa ba ta sani ba. Wendell ya zaro sanda ya miƙo mata, ita kuwa ta ɓoye hannayenta a baya.

"Ba da ni ba. Ka ga kyauta a gabanka, ni zan sa ƙafa in ture? Buga abinka."

"Mama, ai ceto na za ki yi. Tun da aka fara wannan ƙaramar gasa, ba a taɓa samun wanda ya ci ta kuma ya ci babbar a shekara guda ba. Kowa gudunta yake yi."

"Camfi! A gidana ka koyi wannan?"

"To, na ji, camfi ne." Ya rage murya, dariyar ta bar fuskarsa. "Ni dai kin daɗe kina kallona daga cikin mota. Yau ni nake so in kalle ki."

Ta dube shi, idonta ya ciko, ta yi saurin jan hular ƙasa. Sannan ta karɓi sandar.

Wurin ya yi tsit. Ruwan ya fi faɗi fiye da yadda take gani a talabijin. Daga bayan igiya, a wurin da ko tari mutane ba sa so su yi, sai ga muryar Malam Vernon: "Maman Wendell, barandar ta yi datti!"

Wasu suka juya suna harararsa. Odessa kuwa dariya ta kubce mata, kafaɗunta suka saki, ta ja baya ta share.

Ƙwallon ba ta tashi da kyau ba, gaskiya. Ƙasa-ƙasa ta tafi kamar za ta sha ruwa, jama'a suka ja numfashi. Sai ta daki bakin gaɓa ta wancan gefe, ta yi tsalle, ta gangara kan lallausar ciyawa ta tsaya. Da sauran tazara tsakaninta da ramin, amma a bushe take. Ihun da ya tashi har 'yan wasan da ke wani rami suka waiwayo.

Wendell ya rungume ta har hularta ta faɗi. Ta bar shi ya gama, ta ɗauki hular ta kaɗe, ta hango ƙwallonta can nesa. Ya miƙo hannu zai karɓi sandar ya mayar cikin jaka.

"Wace sanda ake tura ta cikin rami da ita?" ta tambaye shi.

Ya zaro mata. Ta karɓa, ta nuna masa jakar da haɓa.

"Ɗauko ka biyo ni," ta ce. "Kuma kar ka yi mini surutu idan zan buga."