Sabbin Takalman Ogana

Da hantsi aka shigo da gawar Kanuna garin Talikwa, fatar barewar da ya lulluɓa da ita tana nan a jikinsa, ƙahonin suna jan ƙasa. Da wannan fata yake yaudarar namun daji, ya duƙa yana kwaikwayon kiwo har ya kusance su. Yau kwaikwayon ya yi kyau fiye da kima. Ogana, mijin ƙanwarsa, ya hango ƙaho yana motsi cikin kurmin gora, ya saita bindiga, ya danna kunama.

Shi da kansa ya saɓo gawar. Ya shimfiɗe ta a ƙofar gidan matarsa Nakwisi, ya ce, "Ni ne."

Ɗansu Tawodi yana dawowa daga kogi da kwandon kifi ya ji kururuwar uwarsa. Ya yar da kwandon ya sheƙo. Ya dubi kawunsa a kwance, ya dubi jinin da ya rine rigar ubansa. Ba sai an yi masa bayani ba.

A wurinmu ɗa na uwarsa ne. Nakwisi 'yar dangin Kerkeci ce, don haka Tawodi Kerkeci ne kamar kawunsa. Ogana kuwa ɗan dangin Barewa ne, baƙo a gidan da ya yi furfura a ciki. Jinin Kerkeci ya zuba a hannun Barewa, kuma jini bai san kuskure ba. Zai yi ta kuka, mamacin ya yi ta gararamba bai sami hanyar ƙasar yamma ba, inda matattu ke zuwa, har sai an kwantar da shi da ran Barewa guda. Ɗaukar ran kuma aikin namijin da ya fi kusa da mamaci ne. Kanuna ba shi da ɗan'uwa namiji. Ɗan ƙanwa ɗaya gare shi.

Nakwisi ta share fuska ta shige ɗaki. Sai kaya suka fara fitowa. Bargon Ogana, tukunyar tabarsa, gatarinsa, duk ta watso su waje kamar yadda mace ke yi in ta gama da miji. Maƙwabta suka sunkuyar da kai. Amma kaya na ƙarshe ba jefo su ta yi ba. Ta fito ta ajiye jakar garin soyayyar masara, ta ajiye sabbin takalman fata da ta kwana biyu tana ɗinka masa, bakinsu yana duban hanyar Cota.

Cota farin gari ne. Ba a zubar da jini a ƙasarsa, ko na wane ne.

Ogana ya daɗe yana kallon takalman. Ya ɗauke su, ya rataya jakar, ya bar sauran kayan a ƙasa, ya bi hanya. Ba wanda ya tare shi, don 'yan Kerkeci ba su taru ba tukuna.

Ba a jima ba sai ga Tsula, wani ɗan danginsu daga unguwar tudu, ya riga ya shafa jan fenti a fuska, wuƙa a ƙugu.

"Ina yake?"

Idanu suka koma kan kayan da ke watse a ƙasa.

"Au, kun bar shi ya tafi? Tawodi ƙanena, kai kana tsaye kamar turmi?" Ya tofar da yawu. "Ko da yake ɗan Barewa ne ya haife ka. Ƙila in aka buɗe bakinka ciyawa za a gani."

"Tsula, rufe mana baki, ga gawa a kwance," in ji Nakwisi. Ta ɗauko bindigar Kanuna ta ɗora a hannun ɗanta. "Kawunka ne ya koya maka harbi. Shi ya yi maka bakan farko. Yanzu yana tsaye a bakin hanya yana jiranka."

"Inna…"

"Na san abin da za ka ce. Kar ka faɗa." Ta juya. "Amma ba mai fita gidan nan da yunwa. Ku zauna."

"Iya, rana tana tafiya!" in ji Tsula.

"Ta tafi mana. Ka taɓa ganin an kamo ta?"

Ta hura wuta a hankali. Ta ɗora faten masara da wake a hankali. Da ya nuna ta ce ya yi zafi, a jira ya huce. Tsula yana ta zarya yana cizon yatsa, amma ba namijin da ke ture kwanon babbar macen danginsa. Rana ta raba tsaka kafin su fita.

Sawun Ogana ba ya buƙatar gwani. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a kan jajayen ganyen da suka zuba, bai ko yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Duk da haka Tawodi ya yi ta tsayawa. Nan ya duƙa ya shinshina ƙasa, can ya koma baya wai ya ɓatar da sawu, gaba kaɗan ya ce ƙaya ta soke shi.

Tsula ya cafki kafaɗarsa ya juyo da shi.

"Kana tsammanin ni makaho ne? To saurara. Bar shi ya shiga Cota, ya zauna can har haƙoransa su zube. Barewa ba su ƙare ba. Ga ƙanensa Saloli nan, ango sabo fil. Gobe da safe a ƙofarsa za mu karya kumallo."

"Baba ƙarami bai yi wa kowa komai ba."

"Kanuna fa, wa ya yi wa?" Tsula ya shafa wuƙarsa. "Kuma ka roƙi sa'a ka riga ni isa wurin tsohon. Ni ba ni da bindiga. Ni daga jijiyar agara nake farawa, don kada barewa ta sake gudu."

Suka iso inda hanya ta rabu. Ɗaya ta haura dutse, gajeriya ce ga mai ƙarfin gwiwa. Ɗaya ta bi kwari. Ƙasar wurin duk tsakuwa ce, sawu ya ɓace. Tawodi ya san gwiwar ubansa ta hagu ba ta son hawa. Ya san kuma irin kallon da Tsula yake yi masa.

Sai ya faɗi gaskiya. "Ta kwari ya bi."

Tsula ya kece da dariya. "Ta kwari, ko? Sannu, mai wayo. To kai bi kwarin, ka gaishe min da kwaɗi." Ya kama dutse yana hawa.

Tawodi ya jira ya ɓace, sannan ya zuba da gudu. Yana gudu yana roƙo a ransa: ya riga ya haye, ya riga ya haye. Na Saloli kuma a san yadda za a yi gobe.

Da la'asar ya ɓullo bakin rafin da ke iyakar Cota. Ga hayaƙin gari can yana tashi, ga rufin babban zauren shawara a kan tudunsa. Ruwan ko gwiwa bai kai ba.

Ogana yana zaune a kan dutse a wannan gaɓar, yana dama garin masara da ruwa a tafin hannu yana lasa. Sabbin takalman suna gefensa a jere. Tsofaffin ne a ƙafarsa.

"Ka daɗe," ya ce. "Kawunka zai ji kunya. Sawun da na bar maka ko kaza ta bi shi."

"Baba, tashi! Tashi ka haye!"

"Uwarka ta cika gishiri a garin masarar nan. Kullum sai na faɗa mata."

"Tsula yana kan dutse, yanzu zai gangaro. Taku kaɗan ne, Baba. Don girman wuta, tashi!"

"In na haye, wa za su ɗauka?"

Sai aka ƙwala kira daga ƙetare.

"Yaya! Yaya Ogana!"

Saloli ne, yana tsaye a ɗaya gaɓar yana haki, laka har cinya. Kusa da shi wani dattijon Cota ne sanye da rigar farar fata, ya harɗe hannu yana kallo.

"Matarka ce ta aiko min tun da safe, ta ce in gudu!" Saloli ya ɗaga murya. "Ga ni na shigo, ba mai taɓa ni! Hayo, Yaya!"

Tawodi ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ashe faten nan ba mutum ɗaya ya saya wa lokaci ba. Ya kama hannun ubansa yana ja, yana dariya yana hawaye.

"Ka ji? Inna ta gama komai! Ba wanda ya rage!"

Ogana bai motsa ba. Ya yi murmushi, ya girgiza kai. "Macen nan. Da ita ke jan yaƙi da tuni mun ci duniya." Ya zare hannunsa a hankali. "Yayata tana da 'ya'ya maza, Tawodi. Su ma a aika musu su gudo? Bayan su kuma akwai na ƙanwar innata. Barewa duka za mu tattaru a Cota mu bar gonaki? Tun ina hanya nake juya abin. Duk inda na ajiye shi, a kan ɗan wata yake faɗawa. Ni na danna kunamar nan."

"To a ɗauki nawa!" Tawodi ya buga ƙirji. "Ni ɗanka ne. Jininka ne a jikina. In rai ake so, ga shi!"

Ogana ya yi dariya har da tari. "Kai wawan ina ne? Kerkeci ya mutu, a biya Kerkeci da Kerkeci? Sai su ce Barewa sun ci biyu. Ranka ba ya sayen komai a nan, ɗana. Hancina kawai ka ɗauka, shi ma ban ga abin godiya ba."

Daga saman dutse aka yi kukan talo-talo, mai kaifi, irin na mayaƙa. Tsula ya hango su. Tsakuwa ta fara gangarowa.

Dariyar ta bar fuskar Ogana.

"Na san Tsula," ya ce. "Na ga abin da ya yi wa fursuna a bara. Ba na so ƙanena ya tsaya can yana kallon wannan. Kai kuma hannunka ba ya rawa. Kanuna ya sha yi min gori a kai."

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Kawunka yana tsaye tun safe, ka san shi da rashin haƙuri. Bari in je in raka shi, in ba shi haƙuri a hanya. Zai zage ni har mu isa."

"Yaya, kar ka yi haka!" Saloli ya zabura zai faɗa ruwa. Dattijon ya riƙe shi da hannu ɗaya.

Ogana ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya duƙa a bakin rafi, yana kula kada ƙafarsa ta wuce tsakiya, ya fuskanci gabas, ya kamfaci ruwa ya zuba a kai, ya wanke fuska da ƙirji, bakinsa yana motsi. Sannan ya dawo kan busasshiyar ƙasa ya juya yamma. Ya nuna takalman da haɓa.

"Ban taka su ba. Ƙafarmu ɗaya. Ka ce wa uwarka na gane saƙonta sarai, kada ta ce ban gane ba."

Rassa suna karyewa a bayansu. Tsula yana ihu, "Bar min shi! Ƙanena, bar min shi!"

Tawodi ya ɗaga bindigar kawunsa. Bakinta yana lilo. Ya runtse ido.

"A'a," in ji Ogana. "Buɗe idonka. Ni ma da na duba da kyau da safen nan, da yanzu muna gida."

Tawodi ya buɗe ido. Bindigar ta tsaya cak.

Ƙarar harbin ta tashi tsuntsaye har cikin Cota.

Tsula ya iso yana huci, wuƙa tsirara. Ya dubi Ogana a kwance, ya taɓa shi da ƙafa, ya dubi Tawodi. Ya buɗe baki kamar zai yi ba'a, ya fasa. Ya mayar da wuƙar kube.

"Jini ya kwanta," ya ce, ya juya.

Dattijon ya saki Saloli. Saloli ya hayo ruwa ya durƙusa, ya gyara wa yayansa hannaye. Bai harari Tawodi ba. Magana ta ƙare, ba mai bin wani. Tawodi ya ajiye bindiga ya matso zai kama ƙafafun ubansa su ɗaga tare.

Saloli ya tare hannunsa, ba da faɗa ba.

"Bar shi, ɗana. Namu ne."

Sai washegari da hantsi Tawodi ya shiga Talikwa. An riga an binne Kanuna. Matan Kerkeci suna ganinsa suka daina kuka, wata tsohuwa ta shafa kansa tana sa masa albarka. Can unguwar Barewa kuma sabon kuka yana tashi.

Nakwisi tana zaune a ƙofa. Bargo da gatari da tukunyar taba suna nan inda ta watsar, ba ta bari kowa ya taɓa ba. Ta dubi hanya a bayan ɗanta, ta daɗe tana duba. Sannan ta ga abin da ke hannunsa.

Ta karɓi takalman ta kifa su. Ƙasansu fes, ko ƙura babu.

"Bai gane ba ne?" ta ce.

"Ya ce ya gane sarai. Ya ce kuma gishiri ya yi yawa."

Nakwisi ta danne bakinta da takalmin. Mace ba ta yi wa wanda ya kashe yayanta kuka a gaban danginta. Ta miƙe, ta tattara bargon da gatarin da tukunyar taba, ta shige da su ɗaki, ta ja ƙyauren.