Awakin Ila

Karo na uku ke nan majo Alhassan, babban ma'aikacin jinya, ya fito da takardar awo, fuskarsa a ɗaure.

"Babu komi," ya ce. "Kwana goma jininsa na cikin kwalba, ko ƙwayar cuta ɗaya ba ta tsiro ba."

Asibi ta leƙa ɗakin. Mijinta Ila na jingine da bango, don in ya kwanta numfashi ƙwace masa yake. Wata huɗu zazzaɓi na cinsa. Daga Gangara suka je Tanut, daga Tanut aka turo su asibitin Damagaram. Lokotoro, wato likita, ya saurari ƙirjinsa, ya ce wata cuta ce ke cin ƙofar zuciyar, amma ba a san wacce ba. Allurar da ake yi masa ba ta taɓa ta.

Gajere, wan Ila, ya yi tsaki. "To in babu komi ku ba mu abinmu mu tafi. Jinin da kuka ɗiba ya cika ƙwarya."

"Akwai wani sabon awo," in ji majo. "Ba ƙwayar ake nema ba, sawunta ake bi cikin jini. Yamai za mu aika, daga can a wuce da shi waje. Amma sai mun rubuta musu sawun da za su bi. Akwai cutar da ake ɗauka daga awakin da suka yi ɓari. Awakinku sun yi ɓari bana? Ya taɓa mahaifar da hannu?"

"Lafiyarsu lau," Gajere ya amsa da sauri.

A gindin dalbejiya Gajere ya ja Asibi gefe. "Ke, kama bakinki. Awaki shida fari ya bar mana. In ma'aikatan dabbobi suka ji, su hana su rijiya, ko su yanke su. Nonon me za ki ba yaran?"

Ta zauna, ta tashi, ta zaga famfo, ta dawo. Huɗu ne suka yi ɓari da rani. Ita ta zuba wa Ila ruwa ya wanke hannu, bayan ya binne 'ya'yan a bayan danga don kada maƙwabta su gani.

Motar Yamai da azahar take tashi. Ana kiran salla majo ya fito da ɗan akwatin ƙanƙara, takarda a samansa, layin ƙasa, na sawun da za a bi, ba a rubuta komi ba. Daga ɗakin ana jin tarin Ila.

Asibi ta tare majo a bakin ƙofa. Gajere ya miƙe daga inuwa, yana kallonta.

"Majo, kana da biro?"

"Ga shi."

"Huɗu ne," ta ce. "Baƙar ce ta fara."