Ragunan Bayan Katanga

Alhaji Muntaka, mai sayar da goro a kasuwar Batsari, bai iya kallon idon mutum ya ce masa "bari" ba. A bayan ido zai wanke ka tas, amma da kun haɗu sai ina gajiya, yaya iyali. Wannan halin ne ya kusa cinye masa katanga.

Gidaje biyu gare shi manne da juna, katangar ƙasa ɗaya ta raba su, ginin marigayi mahaifinsa. Yana zaune a ɗaya, ɗayan kuma ya ba Malam Daudu haya, wani dattijon Bafulatani da rashin zaman lafiya ya koro daga rugarsu ta wajen Safana. Ranar da aka yi yarjejeniya a gaban mai unguwa, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a kiwon dabba a gidan.

Ba a daɗe ba Alhaji ya fara jin kukan raguna ta bayan katanga. Fitsarinsu ya jiƙa gindinta, suna lasar gishirin suna goga ƙaho, ga damina ta ƙarato. Abin ya ci masa rai ƙwarai. In katangar nan ta faɗi, sirrin gidansa ya tonu, abin da ya rage masa na hannun mahaifinsa kuma ya tafi.

Ya sha shiga da niyyar yin faɗa. Ina! Daudu zai tare shi da gaisuwa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ciwon gwiwarsa, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Kafin a kai ƙarshe Mero, matar Daudu, ta aiko da ƙwaryar fura mai sanyi. Wa zai sha furar mutum ya ɗago kai ya yi masa faɗa? Haka Alhaji zai fito, ciki cike, magana na nan inda take.

Ɗan ƙanensa Tayyib, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, shi ya kawo dabara.

"Baba, yanzu ba a yin wannan da baki. Takardar gargaɗi ake rubutawa. A sa kwanan wata, a faɗi sharaɗin da aka karya, a ba da wa'adi, ka sa hannu, ka ajiye kwafi. Ba sai kun haɗa ido ba."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi wa Alhaji daɗi. Aka buga takarda a kwamfuta, fes da ita. Har an gama ya ce a ƙara masa layi guda, don a san da gaske yake: kowace dabba ta koma inda ta fito kafin ranar kasuwa. Miƙawar ma ya kasa, sai ya ba mai unguwa ya kai.

Washegari Daudu ya same shi a rumfa, ya gaishe shi gaisuwa gajera, irin wadda bai taɓa yi masa ba.

"Alhaji, an karanta mini takarda. Da ma da baki ka faɗa, ai ya isa. Za a yi yadda ka ce."

Kunya ta kama Alhaji, amma can cikin ransa murna yake. Yini ya yi yana ba abokan ciniki labarin amfanin boko.

Ranar kasuwa ya dawo da la'asar, tun daga zaure ya ji kukan raguna kusa-kusa. Ya leƙa. Ga su nan ƙosassu a tsakar gidansa, matarsa Hajiya Turai na zuba musu dusa, fuskar nan a murtuke.

"Hajiya, me zan gani haka?"

"Abin da ka rubuta. Ka ce su koma inda suka fito, to sun komo. Nawa ne. Da adashina na saye su, na ba Malam Daudu kiwo zuwa layya mu raba riba, tunda ka hana ni ajiyewa a nan. Shi bawan Allah ko kaza bai fito da ita daga daji ba, da wannan kiwon yake ci da iyalinsa."

Furar da Alhaji ya sha a gidan Daudu ta tsaya masa a rai. Sai a lokacin ya lura da inda aka kafa turakun. Inuwa ɗaya ce tak a gidan, gindin katangar marigayi, ta wannan ɓangaren.

"Haba Hajiya, katangar fa..."

"Rubuto mini takarda, Alhaji. Ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi."

Ta juya ta shige ɗaki. Babban ragon ya matsa jikin katanga ya fara goga ƙaho, ɓarɓashin ƙasa na zuba a kan takalmin Alhaji.