Dutsen Niƙan Kande

Kande ta tura ƙofar ɗakin gwajin duwatsu na jami'a, ba ta jira an amsa sallamarta ba. Mota biyu ta hau daga Ɗantutture kafin ta iso Dutsin-Ma, ko karyawa ba ta yi ba.

"Ina Misbahu? Ina ɓarawon dutse?"

Misbahu, ɗan ƙanin mijinta, ya miƙe cikin farar riga har gwiwa, sai ka ce mai allura. "Inna, a hankali. Dakta na nan."

"Shi ma ya ji. Dutsen niƙana na zo karɓa. Na uwata ne."

Dakta Abdullatif ya cire tabarau, ya shiga yi mata bayani kamar mai magana da kurma. Wai dutsen da Misbahu ya kawo daga tsaunin Kurfi suka yanka, suna jiƙa shi a ruwa, su jiƙa a mai, su auna wanda ya fi kama jikinsa. Da haka ake sanin yadda dutsen ƙarƙashin ƙasa zai saki man fetur. Wata huɗu suna abu ɗaya.

"Wannan kuwa, Hajiya, ya ƙi ruwa, mai yake sha. Ba mu taɓa ganin irinsa a yankin nan ba. Jibi zan miƙa rahoto."

Kande ta leƙa kwalaben. Gutsure shida, kamar yankan rake. A ƙarƙashin tebur ga uwar dutsen, duk an huda ta. Ta gane tsagin gefenta.

"Bayan ɗakina ne tsaunin Kurfi? An aike ka hawan dutse, ka ji rana, ka sunkuci nawa ina gidan suna." Ta juya ga Dakta. "Shekara arba'in ina niƙa gyaɗar ƙuli a kansa, uwata ta yi talatin kafin ni. Me zai sha in ba mai ba? Duƙa ka sansana."

Dakta ya duƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Za a saya miki sabo, Hajiya."

"Ban je Makka ba. Sabo kuma sai na shekara ina tauna tsakuwa."

Ta zazzage gutsattsarin a bakin zaninta ta ƙulle, ta nuna wa Misbahu uwar dutsen. "Ɗora a ka. Ta cikin kasuwa za mu bi zuwa tasha."

Ya kai hannu zai cire farar rigar.

"Bar ta a jikinka," in ji Dakta, ya buɗe musu ƙofa.