Gefen da Ke Kallon Ƙofa

Mijina ya rasu ya bar ni da aiki, kamar dai yadda ya saba. Zanensa na ƙarshe bai sa masa hannu ba, don haka ba wanda ya san ina ne samansa, ina ne ƙasansa.

Kada ku yi dariya. Irin zanen da yake yi ba mutum a ciki, ba bishiya, ko kaza babu. Launi ne kawai, wannan ya hau wancan, kamar yara sun samu ɗakin fenti a buɗe. A ƙasa yake shimfiɗa ƙyallen zanen a ɗakin baya, ya yi ta zagaya shi da buroshi, wani lokacin ma da tsohon cokalina. In ya gama sai ya ƙwala mini kira. In zo in tsaya a bakin ƙofa, don ba na shiga, warin fentin nan yana sa ni ciwon kai.

"Me kika gani?" in ji shi.

"Asarar fenti."

Sai ya yi dariya har da tari, ya durƙusa ya sa hannu a gefen da ke kusa da ƙafata. Ƙa'idarsa ke nan tun muna gidan haya: inda na tsaya nan ne ƙasan zane.

Wannan na ƙarshen kuwa ban taɓa tsaya masa ba. Likita ya hana shi shaƙar fenti, ni ma na hana, har na ɓoye makullin ɗakin. Ashe mutumin nan ya yanko wani. In na tafi kantin maganin da nake aiki, sai ya lallaɓa ya shiga. Ban sani ba sai bayan rasuwarsa, lokacin da mai gidan nunin zane ya turo ma'aikata su kwashi ayyukansa don nunin tunawa da shi. Gida cike da masu ta'aziyya, kaina ba ya tare da ni, suka naɗe zanen suka tafi da shi.

Ana saura kwanaki a buɗe nunin, mai gidan ya kira ni. Muka je da autarmu. Mutum ne mai kirki, ya yi kuka a kan mijina fiye da wasu danginsa, amma in ya fara bayani sai Allah. Ya sa aka jingina zanen a bango. Faɗinsa da tsawonsa ɗaya, kusan duk shuɗi mai duhu da ruwan toka, sai wani layin rawaya da ya taso daga tsakiya ya nufi gefe guda, bai kai ba.

"Kin gani, ranki ya daɗe," in ji shi, "in rawayan nan ya yi sama, fata ne, rai yana tashi. In ya yi ƙasa, karaya ce. In ya kwanta, tafiya ce."

Aka juya, aka sake juyawa, har kaina ya fara juyawa tare da shi. Kowane juyi da mutumin da yake ba ni: wani ya mutu da kwanciyar hankali, wani ya mutu a tsorace. Ni kuma mijina nake nema, ɗaya tak. Ina so in san abin da ke ransa a ranakun da nake can ina ƙirga wa mutane ƙwayoyi, shi yana nan shi kaɗai da tarinsa.

"Ki zaɓa kawai, Mama," Auta ta ce a hankali. "Ba wanda zai gane."

"Ni zan gane."

Na dawo gida raina a ɓace. Na buɗe ɗakin bayan, karon farko tun rasuwarsa, da niyyar in yi masa faɗa ko da ba ya nan. Gwangwanaye a jere, silifas ɗinsa ɗaya a kife, cokalina ya bushe da shuɗi. A tsakar simintin ga shatin inda ƙyallen ya kwanta, tsaf, fenti ya zagaye shi. Mijina bai taɓa iya tsayar da buroshi a bakin ƙyalle ba, kullum sai ya zarce ƙasa. Na sha yi masa masifa a kan haka. Ta wajen taga fenti ruwan toka ne ya malala, ta wajen kabad wani ɗigon ja mai kauri ya rabu biyu, rabinsa ya tafi da zanen.

Na kira mai gidan nunin na ce a dawo mini da kayana. Ya fara zancen mota da lokaci, na ce ai ba roƙo nake ba.

Da safe ya zo da ma'aikatansa suka kawo. Auta ta cire takalmi ta shiga tana nuna musu. Suka shimfiɗa, bai zauna daidai da shatin ba. Suka juya, toka ta haɗu da toka, rabin jan ya samu ɗan'uwansa. Kowa ya ja da baya ya manne da bango.

Ni ina bakin ƙofa, inda na saba. Layin rawayan nan ya ratso duhun daga tsakiya, ya miƙo wajena, ya tsaya saura taƙi ɗaya ya taɓa yatsun ƙafata. A wurin fentin ya yi ƙaranci, ana ganin sawun gashin buroshi.

Mai gidan nunin ya buɗe baki, "To, ke nan ƙasa ya yi, wato..." Auta ta harare shi.

Na tsaya ina jira, ban ma san me nake jira ba, sai da ɗakin ya yi tsit na gane tambayarsa nake jira. Kewarsa ta kama ni har sai da na dafa ƙyauren.

"Mama," Auta ta ce, "me kika gani?"

"Asarar fenti," na ce.

Ba wanda ya yi dariya. Na cire takalmina na shiga ɗakin.