Bangon Da Ke Tsakanin Ɗakin Yaya Da Falo

Ni na yi rufin gidan Yaya, shekara ashirin da shida ke nan, kuma tun daga lokacin ba a taɓa ambaton kafinta a gabansa bai kawo ni ba. "Ƙanena da ido yake awo," haka yake gaya wa mutane. "Tef ɗin da ke aljihunsa ado ne." Ni kuma in sunkuyar da kai in yi murmushi, a ce kawaici gare ni.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ya dawo daga asibiti a keken marasa lafiya, ga shi ƙofar ɗakinsa a cikin wani siririn lungu take, keken ba ya iya juyawa. Duk shiga da fita sai mutum biyu sun cicciɓe shi. Shi ya sa yawanci a ciki yake wuni, yana jin hayaniyar jikokinsa ta bango. 'Yarsa ta fari, wadda nake kira Uwata, ta ce wannan zaman ya isa haka. A rushe bangon da ya raba ɗakin da falo, Babanta ya riƙa tura kansa inda yake so.

Ta kira ni a waya ta gaya mini. Na ce madalla. Da bakina na ce madalla.

Ranar Asabar da safe na iso na tarar an fitar da kujeru tsakar gida, an lulluɓe talabijin da zanin gado. Magina biyu na zaune a ƙofa da manyan gudumominsu. An fito da Yaya falo, an sa masa sabuwar hula. Uwata ta gayyato wani injiniya, mijin abokiyar aikinta, mutum mai sanyin magana da furfura a gefen kai. Ya shimfiɗa tsohon zanen gidan a kan tebur, ya bi layukan da yatsa.

"A takarda dai katakan rufin sun miƙe daga bangon waje zuwa bangon waje, ba yanka," in ji shi. "In haka ne, wannan na tsakiya raba ɗaki kawai yake yi. Amma takarda ba ta hawa sama. Sai na leƙa cikin silin."

Ni kuwa na san abin da ke cikin silin ɗin kamar yunwar cikina. Ranar da zan yanka katakan, Yaya ya yi tafiya, mutane sun taru suna kallon gwani. Na ɗaga kai na dubi faɗin ginin, na ƙi ciro tef, na sa zarto. Guda bakwai na yanka, kowanne ya gaza da taƙi biyu. Maimakon in jira shi in faɗa, sai na nemo guntaye na yi musu ƙari, na jera mahaɗin duka a kan bangon tsakiya, na cika su da ƙusa. Kwana biyu na rufe silin, aikin da kan ci mako. Yaya ya dawo ya yi ta yabon saurina.

"Uwata," na ce, "ni da za ki ji tawa, da an bar bangon nan. Tsohon gida ba ya son a taɓa shi."

Ta yi dariya. "Baffa, yau kuma kai ne da tsoron guduma? Rufinka ne fa. Ko duk bangayen aka kwashe ai a iska zai tsaya."

Na ce to bari ni in hau in duba. Ban san abin da zan faɗa in na sauko ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan rashin sanin. Injiniya ya riƙe tsanin ya ce, "Haba Baba, muna nan ku hau? Ku huta." Ya ɗauki tocila, ya ture murfin silin, ya shige.

Ya daɗe. Muna jin takunsa a hankali, ƙura na zubowa a kan tebur. Uwata na share wa Babanta kafaɗa, ni kuma ina kallon murfin silin.

Da ya sauko ya karkaɗe yanar gizo daga kansa, ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da ido.

"Ba za a taɓa shi ba," ya ce. "Duk katakan a kansa suka haɗu. Aka cire shi, rufin zai zauna a kan mutane." Ya ɗan yi gyaran murya. "Masu aiki na da can sukan sauya tsari haka, don ƙarin ƙarfi. Dabara ce tasu."

Ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri, shi ya sani, ni na sani. Wanda ya ga waɗancan guntayen da tulin ƙusoshin ba zai kira su dabara ba. Uwata ta tambayi mafita, ya ce sai an yaye silin na ɗakunan biyu, a ɗora ƙarfe mai kauri ya karɓi nauyin, kuma sai kowa ya bar gidan na wasu makonni. Ta dubi Babanta. Ina za a kai shi?

Shi kuwa Yaya dariya yake da rabin bakinsa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ni. "Na... gaya muku," ya ce. "Ya fi... takarda."

Nan ne abin ya fi ƙarfina. Da zagi ne, da na iya haɗiye shi.

"Ba dabara ba ce, Yaya," na ce. "Gajeru na yanka. Ban auna ba. Na haɗa su na rufe kafin ka dawo."

Injiniya ya shiga naɗe zanensa, maginan da ke ƙofa suka ga ya kamata su je su sha ruwa.

"Baffa," in ji Uwata, murya ƙasa ƙasa, "da ka faɗa mini a waya, da ban ce masa yau daga gadonsa zai ga yara suna cin abinci ba." Ba ta jira amsa ba. "Kama mini ƙafafunsa."

Muka bi lungun da shi, muka kwantar. Ta gyara masa matashi ta fita. Na tsaya ina neman abin faɗa, shi kuma idonsa na kan silin.

"Da nawa... suka gaza?"

"Taƙi biyu."

Ya daɗe yana tattara kalmomin, leɓensa na rawa.

"Katako ne fa... kawai," ya ce. "Da ka faɗa... da na sayo wani."